Kwalbar Ƙarshe ta Khue

Ranar da Nhan za ta fita takaba, kwalba ɗaya tak ta rage mata daga giyar da mijinta ya bari, kuma tun ba a gama sharar tsakar gida ba faccalarta Lua ta jawo kujera ta kafa a ƙofar kicin.

Duk mai sauka matakalar kasuwar Da Lat, wani gari mai sanyi a kan tsauni, ya san Nhan, ko da bai san sunanta ba. Ita ce gajeruwar matar nan mai akwatin gilashi, mai sayar da wani daskararren kayan zaƙi mai laushi da ake kira rau kau, yanka-yanka, wani da kwakwa, wani da kofi. Iyayenta ba su bar mata ko taki ɗaya na gona ba. Tun tana yarinya take tsugunne a gonakin mutane tana tsinkar wasu ƙananan 'ya'yan marmari da ake kira jan dau, har gwiwoyinta suka lalace, shi ya sa ta koma sana'ar zama. Garin ciyawar teku, sukari, ruwa da wuta, sai kuma harshenta. Ba ta da ma'auni. Ta ɗanɗana, ta ƙara, ta sake ɗanɗanawa, haka ta ci da kanta shekara talatin da wani abu.

Mijinta Khue mai gyaran rumfunan leda ne a gonaki. Mutumin kirki ne, mai yawan dariya, amma yana da cuta guda: ya yarda cewa a duk tsaunin nan babu mai haɗa giya irin tasa. Akwai bishiyar baƙin dau a bayan ɗakinsu. Duk shekara sai ya tsinke 'ya'yan, ya cika tulu, ya rufe, ya yi ta zagaya shi kamar mai jiran haihuwa. In ya buɗe kuwa, Allah ya kiyaye. Tsami ne mai kashe haƙori. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to Nhan ta sani tun shekarar farko, kuma ba ta taɓa faɗa ba. Sai ta ce masa giya mai daraja irin wannan ai asara ce a kwankwaɗe ta a kofi, ya bari ta yi rau kau da ita. Ta shige kicin ta ja ƙofa, ta yi ta ɗanɗanawa tana gyarawa, har ta fito da abu ja jawur mai sanyi, ga 'ya'yan dau a rataye a cikinsa. Khue ya riƙa rabawa baƙi yana bugun ƙirji yana cewa, "Sirrin a giyar yake." Ita kuwa ta ce, "Ai kuwa."

Shekara biyu da 'yan watanni ke nan da ya faɗo daga saman wata rumfa. Tun daga ranar hotonsa yake kan ƙaramin tebur a falo, da kaskon turare a gabansa. Kullum kafin ta tafi kasuwa takan kunna masa tsinke ɗaya, ta gaya masa abin da ya samu, wa ya mutu, wa ya ci amanar wa, yadda gwiwa ta kwana. Yau za a ƙona fararen ƙyallayen makoki, a naɗe ƙaramin teburin, hoto da kasko su koma babban teburin kakanni. Babban teburin kuwa yana can Phan Rang, bakin teku, a gidan Thieu, wan Khue. Da Khue ya bar ɗa namiji da ba a yi wannan magana ba, amma 'ya ɗaya gare su, Suong, ita ma tana gidan miji. Thieu ba mugu ba ne. Abin da ya ce kawai shi ne, "Bari mu zo mu ga yadda take riƙon sa, sannan a san abin yi." Wato yau in aka sami kuskure ɗaya, da yamma Khue zai shiga mota a naɗe cikin jan ƙyalle, Nhan ta tashi gobe ba ta da wanda za ta yi wa magana.

Ita kuma Lua, matar Thieu, a faɗi gaskiya ta sha wuya a kan wancan teburin. Shekara arba'in tana dafa wa matattun gidan mijinta, kuma alfaharinta a duniya shi ne ba ta taɓa kai cokali baki ba kafin a miƙa musu. Abin da aka ɗanɗana ya zama saura, mamaci kuwa ba a ba shi saura. Kowa ya san wannan. Kowa kuma ya san rabin matan garin nan suna zuba kaɗan a gefe su lasa in ba mai kallo. Nhan ma haka ta yi bara, ta ce a ranta Khue da suka ci a kwano ɗaya ba zai yi ƙyamar bakinta ba. Amma bara babu Lua a ƙofa.

"Maman Suong, yi aikinki," in ji Lua, tana gyara gyale a kafaɗa don sanyin garin ya dame ta. "Ni ba taya ki zan yi ba, kar na ɓata miki. Kallo kawai."

"Yaya, da kin shiga ciki kin sha shayi mai zafi. Nan iska take shigowa."

"A'a, nan ma ya yi. An ce ku 'yan kasuwa yatsa ne cokalinku. Na ce ƙarya ake miki."

Nhan ta yi murmushin da ake yi wa mai karɓar haraji, ta juya ga tukunya. Sauran abinci duk an gama, kaza, miya, shinkafa mai danƙo, waɗannan ko ido rufe za ta yi su. Rau kau ɗin ne abin tsoro, kuma ba yadda za a yi a bar shi, don duk dangi sun san shi ne abin da Khue ya fi so. Teburin da babu shi, Lua ma ba sai ta yi magana ba.

Ta cire murfin kwalbar, ta kai hanci. Giyar ta ƙara tsami a zaman da ta yi, wannan ba shakka, amma nawa ta ƙara? Hanci yana faɗin akwai, ba ya faɗin yawa. Ga shi tsami abokin gabar garin ciyawar teku ne. In ya yi yawa garin ya kasa, sai a wayi gari da jan ruwa a kwano. In ta cika gari don tsoro, sai abin ya fito tauri, dishi-dishi, a yanka shi kamar sabulu. Kuma babu kwalba ta biyu. Bishiyar tana nan tana 'ya'ya, amma hannun da ke cika tulu ya tafi.

Ta gauraya gari da sukari a bushe, ta zuba a ruwa, ta bar shi ya jiƙa. Aka ce ido ba mudu ba ya san kima, to yau sai ido. Ta ƙara gari rabin cokali a kan yadda ta saba, ta tsaya, ta ƙara ɗan kaɗan. Sannan ta sake kai hannu ga gwangwanin sukari.

"Kai!" in ji Lua. "Duk wannan? Mutum ya sha fama da ciwon suga yana raye, ya mutu ma ba za ki bar shi ya huta ba?"

"Giyar ce take so, Yaya."

"Wace giya? Ba ita ce yake cewa ta fi zuma ba? Ko kin ɗanɗana ne kika ji ba haka ba?"

Nhan ta ji tambayar har cikin ƙashinta. In ta ce tana da tsami, ta yaya ta sani? In ma ta ce tun da can haka take, ta tona asirin mutum a ranar da ya zo cin abincinsa na ƙarshe a gidansa. Sai ta mayar da murfin gwangwanin, ta ce, "Kin yi gaskiya, ya isa."

Ta ɗora tukunya tana juyawa ba tsayawa, har ruwan ya tafasa ya yi garau, ta kwashe kumfar. Ta sauke. Ba a zuba giya a kan wuta, nan take abin zai lalace, kuma ba a zuba ta da sanyi, sai ya yi gudaji. Ta tsoma kwalbar cikin ruwan ɗumi, ta tsaya tana jiran tukunya ta huce, tana kara bayan hannu a jikinta. Can falo Thieu ya ɗaga murya yana neman tabaransa, ya ce Lua ce ta sa a jaka. Lua ta yi tsaki, ta miƙe, ta fita.

A daidai lokacin Nhan ta tsiyaya giyar, a hankali, tana juyawa, ruwan ya rine ya koma ja mai duhu. Ɗigo ɗaya ya gangaro daga bakin kwalbar ya tsaya a kan babban yatsanta. Ɗigo ɗaya ya ishe ta. Har yanzu tukunyar da zafi, in sukari ne ya gaza akwai sauran dama. Ta ɗaga hannun, ya kai haɓarta.

"An ga tabarau," in ji Lua daga bayanta. "A kansa yake, tsohon nan."

Nhan ta wuce da hannun ta gyara gashinta, sannan ta goge yatsan a zani. Ba ta juyo ba, don ta san in ta juyo fuskarta za ta ba da ita.

Ta ɗauko wani tsohon kwano mai siffar fure, ta zuba kashi ɗaya, ta jira ya yi fata a sama, ta jera jan dau waɗanda ta tsinko da kanta da sassafe a gonar wata ƙawarta, ta cike tsakaninsu da baƙaƙen na bayan ɗaki. Ta ɗan kakkarta saman da cokali mai yatsu don hawa na biyu ya kama, ta sake zubawa. In ta yi jinkiri hawa biyun su rabu, in ta yi gaggawa 'ya'yan su taso sama. Hannunta ya san wannan duka, bai kuskure ba ko sau ɗaya. Abin da bai sani ba yana cikin ruwan. Ta girka kwanon a daron ƙanƙara, ta rufe da faranti.

Jiran nan shi ne azaba. Baƙi suka fara shigowa, maƙwabta, abokan aikin Khue, Suong da mijinta. Nhan tana gaisuwa tana amsa gaisuwa, amma hankalinta yana cikin daro. Da ta leƙa ta girgiza kwanon, sai ta ga saman yana rawa fiye da yadda ya kamata. Ta ƙara ƙanƙara, ta ce a ƙasan maƙoshi, "Khue, in kana so ka zauna, taimaki kanka."

Wajen hantsi Thieu ya aiko cewa lokaci ya yi. Nhan ta zagaya bakin kwanon da wuƙa, ta ɗora faranti, ta kife. Shiru. Ta ɗan bubbuga gindin. Lua ta taso daga kujerarta ta zo ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da ita. Sai aka ji wani ɗan sauti, abin ya saki. Ta ɗaga kwanon a hankali.

Ya tsaya. Yana karkarwa, gefe ɗaya ya ɗan zauna, amma ya tsaya, haske yana ratsa shi, 'ya'yan dau suna nan inda ta ajiye su.

"Hmm," in ji Lua. Daga bakinta wannan yabo ne.

Aka jera abinci a gaban hoton. Thieu ya kunna kyandirori biyu da turare, ya sunkuya, ya kira ƙaninsa da suna ya zo ya ci. Kowa ya bi layi ya yi gaisuwa. Daga nan sai jira, don ba a taɓa komai sai turare ya cinye, mamaci ya ƙoshi. Falon ƙarami ne, ga mutane, ga kyandir a kusa da farantin, ga tururin kaza da miya. Turaren bai kai rabi ba Nhan ta ga abin da take tsoro. Jan ruwa ya fara tsatsowa daga gindin rau kau ɗin yana taruwa a faranti. Gefen da ya zauna ya ƙara zama. Wani jan dau ya leƙo waje.

"Kuka yake," Lua ta raɗa, irin raɗar da ake so kowa ya ji. "Ni dai ban taɓa ganin abincin mamaci yana kuka ba."

Nhan ta kafa wa tsinken turaren ido. Ba ta taɓa ganin turare mai taurin kai irin wannan ba, tokar ta lanƙwaso ta ƙi faɗuwa. Gwiwoyinta suna zugi, amma ta ƙi zama. Ruwan ya kai leɓen farantin, ya tsaya a nan yana ƙyalli. Da wutar ta mutu, abin yana tsaye, ko da yake ya karkata kamar wanda ya sha ya fi ƙarfinsa.

Aka fita tsakar gida aka ƙona fararen ƙyallaye, aka dawo aka sauke abinci. Babba shi ke fara cin abin da mamaci ya rage, don haka Suong ta yanka wa Thieu, ta miƙa masa da hannu biyu. Ya kai baki. Idonsa ɗaya ya rufe da kansa, kumatunsa suka shige ciki. Lua ba ta jira ba, ta ɗebi nata, ta tofar a tafin hannu.

"Wayyo haƙorina! Baban yara, ka ji abin da take ba shi? Wannan ko kare aka ba ya yi ƙara!"

Thieu bai kula ta ba. Ya haɗiye, ya dubi Nhan.

"Maman Suong, dama haka giyar take?"

Kowa ya juyo yana kallon Nhan. Ga ƙofa a buɗe, kalma ɗaya za ta fitar da ita: haka take, haka ya bar ta, ni ce nake gyarawa, yau aka hana ni. Gaskiya ce, kuma Suong ma za ta iya shaida. Nhan ta dubi hoton. Yana nan da dariyar nan tasa, ga abokansa zaune waɗanda ya shekara talatin yana yi wa burga. Ta ji tausayinsa ya kama ta fiye da tsoron kaɗaici.

"A'a, Yaya Babba," ta ce. "Giyarsa lafiyarta lau. Hannuna ne ya kuskure."

Lua ta buɗe baki. Thieu ya ɗaga mata cokali, ta rufe. Ya sake ɗiba ya ci, ya sake, kafaɗunsa suna girgiza, har sai da mutane suka gane dariya yake yi, kuma hawaye na bin gefen hancinsa.

"Lua," ya ce, "kwalbar da yake aiko mana duk sabuwar shekara, me kike yi da ita?"

Lua ta dubi rufin ɗaki.

"Faɗi mana. Ba a gaban kowa kike magana ba?"

"Wanke kifi," in ji ta a hankali. "Tana kashe ƙarni."

Wani daga cikin abokan Khue ya fashe da dariya, ya ce shi tsatsar almakashi yake cirewa da tasa. Wani ya ce matarsa tana jiƙa kabeji da ita. Ashe duk wanda ke ɗakin nan an taɓa ba shi kwalba, kuma duk ya koma ya ce wa Khue ba a taɓa yin irinta ba. Nhan ta tsaya tana kallonsu ɗaya bayan ɗaya. Ita da ta ɗauka ita kaɗai ce take ɗauke da wannan kaya.

Thieu ya share fuska da hannun riga. "Shekara da shekaru ina zuwa gidan nan ina mamakin yadda ruwan wanke kifi yake zama abin da nake ci. Yau ne na fara jin hannun ƙanina shi kaɗai, ba wanda ya rufa masa." Ya ajiye farantin, ya cinye tas. "To in na kai shi gidana, wa zai riƙa yi masa wannan ƙaryar? Ke, Lua?"

Lua ta ce ita ba ta iya ƙarya ba, kuma kowa ya san gaskiya ta faɗa.

Thieu ya miƙe da ƙyar, ya je gaban teburin, ya sunkuya. Ya sa yatsu cikin kaskon ya zaro jajayen gindin tsinke guda uku daga cikin waɗanda Nhan ta tara, ya naɗe su a jan ƙyallen da ya zo da shi don hoto da kasko, ya sa a aljihun gaba.

"Waɗannan sun isa ya san hanyar gidan ubansa," ya ce. "Sauran ki nema masa tebur mai ƙwari, wannan ƙafarsa tana rawa."

Da la'asar motarsu ta gangara. Lua ta tafi da kwandon jan dau da Nhan ta ba ta a cinya, ta karɓa ba godiya, amma daga taga ta ce wa Nhan ta riƙa ɗaure gwiwar nan da ganye mai ɗumi. Suong ta shiga wanke-wanke. Yanka ɗaya ya rage a faranti, yana iyo cikin jan ruwansa, ba wanda ya yi jarumtar ɗauka. Nhan ta jawo kujerar da Lua ta zauna a kai, ta kawo ta gaban hoton, ta zauna. Ta ci a hankali, haƙoranta suna mutuwa, idonta yana ruwa, ta ɗaga farantin ta shanye ruwan har ɗigon ƙarshe.

"Kai dai ba ka iya ba, Khue," ta ce. "Ba ka taɓa iyawa ba."

Sannan ta kunna masa tsinke, ta fara ba shi labarin yadda ranar ta kasance.